Kwandalar Tarihi Ta Lalace a Cikin Gidanta na Roba: A Fasa ko A Bari?

Legas gari ne mai wahalar da ƙarfe. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, damina tana da tsawo, kuma a watannin Yuni da Yuli danshin iska yakan wuce kashi 80 cikin 100. Duk wanda yake tara tsofaffin sulalla a garin nan, ko ɗan canji ne a Broad Street da ke ajiye 'yan kwandaloli don sha'awa, ko mai sayar da kayan tarihi a kasuwar Lekki, wata rana zai ɗauko kwandalar da ya saya da tsada, rufe cikin gidanta na roba da takardar maki a samanta, ya ga wani koren tabo da babu shi bara. Abin da yake fara zuwa wa mutum shi ne ya fasa gidan ya goge. Wannan jagorar ta wannan lokacin ce.

Matsayina shi ne: kada ka fasa, sai idan lalacewar tana ci gaba, kuma babu hanyar da za ka kai kwandalar ga kamfanin da ya rufe ta kafin ta ƙarasa. Sauran bayanin duk na yadda za ka gane ko ka kai wannan matsayi ne, da yadda za ka yi aikin idan ka kai.

Abin da gidan robar yake yi maka

Kamfanoni biyu ne suka fi ƙarfi a wannan harka, duka a Amurka: PCGS, wanda ya fara aiki a 1986, da NGC, wanda ya biyo baya a 1987. Aikinsu su duba kwandala, su tabbatar ba jabu ba ce, su ba ta maki daga 1 zuwa 70, sannan su rufe ta cikin roba mai tauri da lamba tata ita kaɗai. Ma'aunin nan na 70 wani Ba'amurke ne mai suna William Sheldon ya fito da shi a 1949.

Abubuwa uku ke cikin wannan gida: shaidar cewa kwandalar ta gaske ce, makin da aka ba ta, da lamunin kamfanin. Da zarar ka fasa, duka ukun sun tafi. Ko ka riƙe takardar, ba mai iya tabbatar da cewa kwandalar da ke hannunka ita ce wadda aka yi wa takardar. A London ko New York asarar da sauƙi, domin dillalai suna da yawa kuma sake aikawa ba wuya. A nan kuwa, masu iya raba tsohuwar kwandala ta gaske da ta jabu da ido ba su da yawa, saboda haka gidan robar shi ne yake magana a madadinka idan ciniki ya zo.

Amma gidan ba ya hana iska shiga ɗari bisa ɗari. An haɗe bakinsa sosai, yana rage shigar iska da danshi, ba ya tsayar da su gaba ɗaya. Kuma idan akwai datti a jikin kwandalar tun ranar da aka rufe ta, to an rufe ta tare da shi.

Mataki na farko: tabbatar da gidan kansa

Kafin komai, shiga shafin kamfanin a intanet ka rubuta lambar da ke jikin takardar. Zai nuna maka irin kwandalar, shekararta da makinta, kuma sau da yawa har da hotonta na ranar da aka rufe ta. Akwai gidajen roba na jabu a kasuwa, wasu ma da lambar gaskiya da aka kwafo daga wata kwandala, don haka kada ka tsaya ga lambar: dubi hoton, ka nemi ƙananan alamomi, ka gani ko suna nan a taka. Idan gidan na jabu ne, babu abin da za ka rasa in ka fasa. Haka nan idan sunan kamfanin baƙo ne wanda dillalai ba sa ɗaukar makinsa da nauyi.

Hoton nan yana da wani amfani mafi girma. Idan tabon da ya dame ka yana cikin hoton, daidai yadda yake yau, to tsoho ne, kuma masu makin sun gan shi kafin su yanke hukunci.

Mataki na biyu: aibin yana jikin roba ne ko jikin ƙarfe?

Sami madubin ƙara girma irin na masu sayar da zinariya, mai ninka abu sau goma, da fitila guda ɗaya. Karkata gidan a hankali. Ƙarzuwar da ke jikin roba tana jefa inuwa a kan kwandalar, kuma tana motsawa daban da ita idan ka karkata. Wadda ke jikin ƙarfe tana nan daram. Idan robar ce kawai ta ƙarzu ko ta dushe, man goge fitilar mota da tsumma mai laushi sun isa. Kada ka kusantar da fetur, tina ko asiton (wani ruwan sinadari mai narkar da maiƙo), domin suna narkar da robar.

Idan gidan ya tsage, wannan ma ba dalilin fasawa ba ne. Kamfanonin biyu suna sauya wa kwandala gida ba tare da taɓa makinta ba, muddin ta iso musu a cikin tsohon gidan kuma babu alamar an buɗe shi. Sai dai a Legas tsagewa ƙofar danshi ce, don haka saka gidan a mazubi mai rufuwa ruf tare da silika jel, wato 'yan ƙwayoyin nan masu tsotse danshi, har ka samu aikawa.

Mataki na uku: matacciyar lalacewa ko mai rai?

A nan hukuncin yake, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa.

Matacciyar lalacewa ita ce wadda ta faru ta ƙare: ƙarzuwa, lotsawar baki, huda da aka yi don rataya a wuya, tabon walda, ko alamar cewa wani ya taɓa goge kwandalar da toka ko man goge ƙarfe. Da yawa daga cikin azurfar da ta biyo ta hannun iyayenmu mata tana da irin wannan, domin ado aka yi da ita. Kamfanonin ba sa ba irin wannan kwandala maki na lamba. NGC yana rubuta Details, wato bayani, tare da sunan aibin, PCGS kuma yana rubuta Genuine, wato ta gaske, da wata lamba: 92 na nufin an goge, 95 ƙarzuwa, 97 lalacewa daga muhalli, 98 lahani. Mutane da yawa suna jin zafin wannan rubutu, suna ganin in sun fasa gidan sun rabu da shi. Ba su rabu da komai ba. Aibin yana jikin ƙarfe, ba magani da zai mayar da ƙarfen da aka kankare, kuma abin da suka zubar shi ne shaidar cewa kwandalar ta gaske ce. A kan kwandala mai wuyar samu, wannan shaidar ita ce mafi yawan kuɗinta. Ga kuma maganar amana: wanda ya fasa don ya sayar ba tare da faɗin aibin ba ya yi algus, ko da mai sayen bai taɓa ganewa ba.

Sauyin launi a kan azurfa, daga ruwan zinariya zuwa shuɗi ko ruwan toka, shi ma ba ciwo ba ne. Sulfa da ke cikin iska ce take haifar da shi, kuma masu tarawa da yawa suna son sa. Sai in ya fara komawa baƙi ƙirin mai kauri ne ake damuwa. Farin tabo mai kama da ɗigon madara da ke fitowa a kan sababbin kwandalolin azurfa tsantsa kuwa daga masana'anta yake, ba ya cin ƙarfen, kuma ƙoƙarin cire shi a gida yakan bar ƙarzuwar da ta fi shi muni.

Lalacewa mai rai iri uku ce a wurinmu.

Ta farko ragowar roba mai laushi ce, wato PVC. Kwandalar da ta daɗe cikin 'yar jakar leda mai taushi kafin a aika ta wurin maki tana iya ɗaukar wani maiƙo da ido ba ya gani da farko. Da zafi da danshi sai ya koma kore mai danƙo, ko hazo mai ruwan toka, sannan ya fara cin fuskar ƙarfen. Albishir ɗin shi ne, idan an kama shi da wuri yana fita tsaf.

Ta biyu ita ce mafi haɗari: ciwon tagulla. Gishirin da ya shiga jikin jan ƙarfe yana haɗuwa da danshi da iska, ya fito da wani gari kore mai haske, mai burɓushi. Yana aiki kamar gara a cikin azara: abin da kake gani a sama kaɗan ne, ƙarƙashinsa rami ne, kuma muddin akwai danshi ba ya tsayawa. Ka bambanta shi da koren tsufa mai duhu, mai santsi da tauri, wanda yake zaune lafiya. Wannan ciwo ya shafi namu kai tsaye. Kwabo da ɗari (rabin kwabo) masu huda na 1959, waɗanda suka fito a shekarar da Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki, na tagulla ne. Haka kwabban Afirka ta Yamma daga 1952. Sule da fataka (sule biyu) da aka buga daga 1920, bayan an bar azurfa, su ma gaurayen jan ƙarfe ne.

Ta uku ita ce tsatsar alminiyom, fari mai ƙuraje. Aninin farko na 1907, wato ɗaya bisa goma na kwabo, mai huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, da alminiyom aka buga shi, yana cikin kwandalolin alminiyom na farko a duniya. Bai jure yanayin ƙasar nan ba, shi ya sa a 1908 aka koma gaurayen jan ƙarfe da nikel. Wanda yake da irin wannan anini a Legas yana riƙe da abin da yanayin ya riga ya taɓa kayarwa, ya kamata ya riƙa duba shi a kai a kai.

Idan kana shakka ko tabon yana girma, ɗauki hoto da waya ta cikin madubin, a wuri ɗaya da haske ɗaya. Saka gidan cikin mazubi mai rufuwa da silika jel mai yawa. Bayan mako huɗu zuwa shida sake ɗauka ka kwatanta. Bushewar da kanta magani ce ta wucin gadi, domin ciwon tagulla yana lafawa idan danshi ya sauka ƙasa da kusan kashi 40. Idan garin kore ya riga ya fara zubowa cikin gidan, ba sai ka jira ba.

Mataki na huɗu: lissafi

Nemi farashin da aka sayar da irin kwandalarka a gwanjo, da makinta, sannan farashinta ba gida. Farashin da aka sayar, ba wanda ake nema ba. Sai ka haɗa kuɗin aikawa, inshora, kuɗin gyara, kuɗin sabon maki da na dawowa, duka a dala ko fam, ka juya zuwa naira, ka kwatanta da farashin kwandalar. Yawancin kwabbai da aninai na zamanin mulkin mallaka an buga su da miliyoyi, har da na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga mulki a wannan shekara kafin a yi bikin naɗa shi. Sunan yana sa mutane su zaci sun tsinci dukiya, alhali galibinsu ba su da tsada. A kan irin waɗannan, kuɗin tafiya ya fi kuɗin kwandalar, kuma fasawa a gida ita ce hanya mai ma'ana idan ciwon mai rai ne. Amma dubi shekarar da ɗan harafin masana'anta, H na Heaton ko KN na King's Norton, domin wasu haɗe-haɗen shekara da harafi suna da wuyar samu ƙwarai, kuma waɗannan ba na fasawa a gida ba ne.

Mataki na biyar: tambayi kamfanin kafin ka taɓa komai

Aika musu hotuna da lambar takardar. NGC yana da sashen gyara mai suna NCS tun 2001, PCGS ma yana da nasa. Su ne za su fasa gidan, su wanke, su sake maki, su rufe, ba tare da zaren shaidar ya yanke ba. NGC yana da ofis a London da Munich, PCGS yana da a Faris, saboda haka ba lallai sai Amurka ba. Ana aikawa ne ta hanyar zama mamba ko ta hannun dillalin da suka amince da shi. Mai ɗan'uwa ko abokin kasuwanci da ke zuwa Ingila ya samu sauƙi, kuma hannun amintacce ya fi kunshin da ba inshora. Tun da tsohon abu ne zai bar ƙasa, tuntuɓi Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan ka ji ko ana buƙatar takardar izini, kada a tsare maka kaya a filin jirgi.

Kada ka sa rai da yawa ga lamunin kamfani a kan jan ƙarfe. NGC yana ƙayyade lamuninsa na makin irin waɗannan kwandaloli zuwa shekara 10 daga rufewa, kuma kamfanonin ba sa ɗaukar nauyin lalacewar da ta zo daga mummunar ajiya. Sannan bayan gyara makin yana iya sauka, ko ta dawo da Details, idan an wanke koren an tarar da rami. Ni dai na fi son kwandala mai ƙaramin maki da ta daina ruɓewa a kan mai babban maki da ke narkewa cikin gidanta.

Mataki na shida: fasawar

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka ɗaga guduma, tanadi komai: tabarau na kariya, safar hannu ta roba marar hoda, tawul mai kauri, ƙaramar guduma, filaya, kwalaben gilashi biyu masu murfin ƙarfe, asiton tsantsa, da sabon mazubin da kwandalar za ta shiga. Ana samun asiton wajen masu sayar da sinadarai, irin na Ojota. Ka ce musu tsantsa kake so. Maganin cire jan farce ba zai yi ba, domin akwai mai da turare a ciki.

Ɗauki hoton gidan gaba da baya, lambar tana karantuwa. In ka samu wanda zai ɗauki bidiyon aikin daga farko har ƙarshe, ya fi.

Naɗe gidan cikin tawul, ka tsayar da shi a gefensa a kan siminti, ba a kwance ba. Riƙa bugun bakin, inda ɓangarorin biyu suka haɗu, da ƙananan bugu, kana juyawa gefe zuwa gefe. Za ka ji ƙarar tsagewa. Buɗe tawul ɗin ka duba, sannan ka ci gaba. Fara daga ɓangaren takarda, wanda ya fi nisa da kwandalar. Idan kana da matsi irin na makanikai, matsa bakin a hankali ya fi guduma tsaro. Abin da ya fi ɓata kwandaloli a wannan aiki shi ne sukuddireba: mutum ya zura ta cikin tsagin yana ɓanɓara, ta zame ta zana layi a fuskar sarki. Idan tsagin ya zagaye, ɗaga murfin sama da hannu kai tsaye, kada ka ja shi a kan kwandalar, domin ɓaraguzan robar suna da kaifi.

Kwandalar tana zaune cikin wani zobe ko farin allo mai ɗan laushi. Lanƙwasa shi kaɗan a kan tawul mai tsabta, ta fito da kanta. Riƙe ta a baki kawai, kuma kada ka yi magana a kanta, tururin baki yana barin tabo a jan ƙarfe.

Mataki na bakwai: jinya

Idan PVC ne, saka kwandalar cikin kwalbar farko ta nutse a asiton, ka rufe, ka bar ta mintuna kaɗan zuwa 'yan sa'o'i, gwargwadon kaurin danƙon. Ɗauke ta ka tsoma a kwalba ta biyu mai sabon asiton, sannan ka tsayar da ita ta bushe da kanta. Ba gogewa, ba buroshi, ba auduga. Yi wannan a waje ko kusa da taga, nesa da risho, gas, sigari da janareto, domin asiton yana kama wuta nan take. Ba ya taɓa azurfa ko zinariya. A kan jan ƙarfe, taƙaita lokacin kuma ka yi a inuwa.

Idan ciwon tagulla ne, asiton ba zai kashe shi ba. Masu gyaran kayan tarihi suna jiƙa ƙarfen na makonni a ruwan sinadari mai zuƙo gishirin, sannan su rufe shi da wani maganin. Wannan yana sauya launin kwandalar, kuma aikin gwani ne. Abin da za ka iya a gida shi ne ka ture garin a hankali da tsinken itace mai laushi, ka jiƙa ta a tataccen ruwa irin na ɗakin gwaje-gwaje kana sauya shi kullum na wasu makonni, ka tsoma a asiton don ya kore ruwan, sannan ka ajiye ta a bushe sosai kana duba ta. Ruwan famfo, ruwan rijiya da ruwan leda duk suna da sinadaran da ke ciyar da ciwon. Lemon tsami, tsamiya, toka, man goge baki da man goge ƙarfe kuwa, duk wanda ya taɓa kwandalar, ta zama gogaggiya har abada. Idan maƙerin zinariya ya ce, "Alhaji, kawo in wanke maka ta dawo sabuwa," ka yi masa godiya ka riƙe abinka. Ya san aikin ado, kuma a aikin ado ƙyalli ake nema, a nan kuwa ƙyallin da aka jawo da hannu shi ne aibin.

Bayan nan

Saka kwandalar cikin kwanson roba mai tauri daidai girmanta, ko 'yar jakar Mylar, wata leda mai ɗan tauri marar PVC, ba leda mai taushi ba. Mazubi mai rufuwa ruf, silika jel irin mai sauya launi idan ya sha ruwa, da ɗan ma'aunin danshi a ciki. A damina duba shi kowane wata, ka busar da silikar idan launinta ya juya. Kada ka ajiye a jikin bangon da ke tsatsafar ruwa, ko kusa da hayaƙin janareto, ko tare da jarida da robar ɗaure kuɗi. Wadda ta taɓa ciwon tagulla a ware ta ita kaɗai. Sauran kwandalolinka da ke cikin gidajensu ma su shiga irin wannan mazubi, tun da iskar da ta kama ɗaya tana kewaye da su duka.

Takardar makin kuma, sanar da kamfanin cewa an fasa gidan, ko ka mayar musu da ita, don su cire lambar daga ƙidayarsu. Riƙe hotunan da bidiyon. Ranar da za ka sayar, nuna su ga mai saye, ka faɗa masa makin da take da shi a da, dalilin da ya sa ka fasa, da abin da ka sa mata, sannan ku yi ciniki a kan farashin kwandalar da ba ta da gida.